Wai a biya mutum kuɗi don ya bar daji a daji?

Shekaranjiya a wani guruf ɗinmu na WhatsApp wani ya turo tallar wani kamfani da ya ce sana'arsa ita ce kula da filaye ta yanda muhalli ba zai lalace ba, kafin ka ce kwabo guruf ya ɗau zafi. Wani bawan Allah da nake ganin girmansa sosai ya rubuta cewa wannan ai damfara ce cikin kwat, ta yaya kamfani zai ci riba da barin ciyawa ta tsiro, kuma ta yaya mutum yana da filin da zai noma ya ci sai a ce ya bar wa tsuntsaye da kwaɗi. Mutane suka yi ta danna masa alamar yatsa. Ni kuwa na rubuta amsa na goge har sau uku, don maganar ta fi ƙarfin saƙon guruf, shi ya sa na kawo ta nan.

Matsayina dai shine kula da ƙasa aiki ne kamar gini ko gyaran mota, akwai gumi a ciki akwai ilimi, kuma wanda ya yi shi ya cancanci ladansa. Sannan filin da aka kiyaye shi yake riƙe da gonar da ke kusa da shi, da rijiyar, da wurin kiwon, ko da mai gonar bai sani ba. Amma fa ba kowane kamfanin da ya manna hoton ganye a tambarinsa zan kare ba, akwai inda maganar wancan bawan Allah take da gaskiya kuma zan zo wurin.

Me suke yi ne ma tukuna?

Yawancin masu zagin sana'ar ba su taɓa tambayar wannan ba. Idan mai fili ya kira irin waɗannan kamfanoni, abun farko shine su tattaka filin da ƙafa, su ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji, su duba ta ina ruwa yake bi idan an yi sama, ina yake kwanciya, ina yake cin ƙasa, waɗanne itatuwa da ciyayi da dabbobi ne a wurin, su haɗa da hoton tauraron ɗan'adam su zana taswira. Daga nan sai tsari: nan a ci gaba da noma, nan a yi shinge kada dabbobi su riƙa shiga rafi, wancan kwarin a toshe shi da duwatsu, wannan baƙuwar ciyawar da ta mamaye ko'ina a tumɓuke ta, wancan dausayin da aka busar a maido masa da ruwansa.

Bayan haka sai aikin ƙarfi, sai kuma bibiya shekara bayan shekara, ana aunawa ana rubutawa. Wannan bibiyar ita ce ta fi cin rai ta fi cin kuɗi, kuma ita ce ba a ɗaukar hotonta a sa a talla.

Kuɗin kuma ta ina yake shigowa? Wani lokaci mai filin ne yake biya kai tsaye kamar yanda zai biya injiniya. Wani lokaci gwamnati ce take da tallafi ga manomin da ya kiyaye ƙasarsa, sai kamfanin ya cike masa takardu ya yi aikin ya ɗauki kasonsa. Wani lokaci hukumar ruwan sha ce ke biya saboda ruwanta daga wannan filin yake gangarowa. Akwai kuma abun da filin da kansa yake bayarwa, katako, zuma, nama, masu zuwa yawon buɗe ido.

Sannan akwai wata hanya da mutane da yawa ba su san da ita ba. A Ingila tun watan Fabrairu na 2024 doka ta wajabta wa yawancin masu manyan gine-gine cewa duk abun da suka ɓata na tsirrai da halittu a filin gini sai sun mayar da shi har da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, kuma a kula da wurin na shekara 30 aƙalla. Wanda ba shi da sarari a filinsa sai ya je ya saya wurin wanda ya riga ya gyara wani fili a wani wuri. A Amurka ma an daɗe ana irin wannan da dausayi: ka cike dausayi don yin hanya, ka biya wanda ya farfaɗo da wani. To ka ga kamfanin ya kashe kuɗinsa yau, a jira shekaru kafin wurin ya yi kyau, kuma ya ɗaure kansa da alƙawarin shekara 30. Wannan ba zaman banza ba ne.

"Mutane na jin yunwa ka ce a bar fili?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kama zuciya, kuma ba na raina ta. Amma a duba abun da ya faru lokacin da aka bi ta har ƙarshe. A tsakiyar Amurka manoma sun bi filayen ciyawa da garma suka nome kusan ko'ina don shuka alkama, ba su bar komai da zai riƙe ƙasa ba. Da fari ya zo a shekarun 1930 iska ta kwashe ƙasar saman gonakin ta yi sama da ita, rana tsaka gari ya koma kamar dare, ƙurar har birnin Washinton ta kai. Mutane wajen miliyan 2.5 suka bar yankin. A 1935 dole gwamnati ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma, aka dasa itatuwa fiye da miliyan 200 a jere a jere don su tare iska. Wato sai da aka ba itace da ciyawa wani ɓangare na gonar sannan sauran gonar ta tsira.

Ko ka ɗauki ƙudan zuma. Kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'ukan amfanin gona na duniya suna amfana da ƙwari da tsuntsayen da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake noma mafi yawan almon ɗin duniya (wani ɗan itace ne da ake cin ƙwayarsa kamar gyaɗa), gonakin sun yi faɗi har babu isassun ƙwarin da za su yi wannan aikin, sai dai duk watan Fabrairu a loda amya wajen miliyan 2 a manyan motoci daga jihohi masu nisa a kawo haya. Aikin da ɗan kurmin gefen gona yake taimakawa da shi kyauta, yanzu sai an biya kuɗin haya da na mai da na direba.

Misalin da ya fi burge ni shine na Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana ta fama da dashen itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Abun da ake buƙata kawai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Manoman da kansu suka ɗauki abun suka yaɗa shi, ana ce masa sassabin zamani, yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba a ƙwace gonar kowa ba, itacen a cikin gonar yake, yana tare iska, yana ba dabba abinci, gawo ma ya zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana ya kuma ƙara wa ƙasa taki.

Inda zan yarda da masu wannan hujja shine ba kowane fili ya kamata a cire daga noma ba. Akwai wata shahararriyar gona a kudancin Ingila, Knepp, eka 3,500, da masu ita suka daina noma wajen shekarar 2000 suka saki shanu da aladu da barewa suna yawo, daji ya dawo, har shamuwa ta ƙyanƙyashe a wurin a 2020, suna sayar da nama suna karɓar baƙi. Kowa yana kawo ta misali. Amma a tuna ƙasar wurin laka ce mai nauyi kuma asara suke tafkawa da noman kafin su daina. Da a ce ƙasa ce mai albarka aka yi wa haka, ni ma da zan ce an yi ɓarna. Sanin wane yanki za a noma wane za a bari, ai shine ainihin ilimin da ake biyan kamfanin saboda shi.

Labarin ruwan Niyok

Bari in ɗan daɗe a nan don shine ya sa na canza tunani tun farko.

Birnin Niyok na Amurka yana samun kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan shansa daga tsaunukan Catskill da kogin Delaware, can nesa da birnin, yanki ne na gonakin shanun madara da ƙananan garuruwa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 dokar tarayya ta ce duk ruwan da ake ɗebowa daga koguna da tafkuna sai an tace shi, sai dai in an nuna cewa tsaftatacce ne tun daga tushe. Aka yi lissafin gina matatar ruwa, dala biliyan 6 zuwa 8, ban da kuɗin tafiyar da ita duk shekara.

Da farko birnin ya so ya yi abun da masu iko suka saba, ya kafa wa manoman can dokoki masu tsauri. Manoma suka ce ba su san zancen ba, mutanen birni ba za su zo su koya musu yanda za su yi da gonakinsu ba. Sai da aka zauna. Abun da aka cimma shine birni zai biya, manoma su tafiyar da shirin da kansu, kuma shiga ganin dama ne ba dole ba. Kowace gona aka yi mata tsarinta: inda za a ajiye kashin shanu kada ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, shinge a bakin ruwa, wurin shan ruwan dabbobi daban, itatuwa a gaɓa. Birnin ya kuma sayi wasu filaye daga masu son sayarwa, ya gyara wa garuruwan hanyoyin ruwan ƙazanta. A 1997 aka sa hannu a babbar yarjejeniyar. Fiye da kashi 90 na manyan gonakin suka shiga, kuɗin da aka kashe a shekarun farko wajen dala biliyan 1.5 ne.

Manomi bai daina kiwo ba, gonarsa ma ta fi da kyau, mutumin birni ya sha ruwa, kuma a tsakani akwai masu awo da masu kafa shinge da masu dashe da suka ci abinci. Abun da na lura da shi a nan shine mai biyan kuɗin shi yake shan ruwan. Idan aikin bai yi ba zai gani a famfonsa, babu wanda zai iya yi masa rufa-rufa da rahoto mai kyawun bango.

Kosta Rika ma ta yi makamancin haka a matakin ƙasa, tun 1997 take cire wani kaso daga harajin man fetur tana biyan masu filaye don su bar dajinsu, kuma dajin da ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar a shekarun 1980 yanzu ya haura rabi. Ba biyan kaɗai ya jawo haka ba, an hana sare daji da doka kuma kiwon shanu ya rage riba, amma yana ciki.

To ina damfarar take?

Tana nan, kuma ga inda wancan bawan Allah ya yi gaskiya. Matsalar tana farawa ne idan mai biya yana nesa kuma abun da yake saya takarda ce. Kamfanin jirgin sama ko na mai a wata nahiya yana so ya ce wa kwastomominsa ya goge hayaƙin da ya fitar, sai ya sayi takardar kabon, wato shaidar cewa an hana irin wannan hayaƙin tashi a wani wuri, daga wani daji da bai taɓa gani ba kuma ba zai taɓa zuwa ba. Takardar tana cewa da ba don kuɗinka ba da an sare wannan dajin. To wa ya san da za a sare ɗin? Cinikin biri a sama kenan. Mai sayarwa yana so lissafin ya yi yawa, mai saye yana so ya yi araha, mai tantancewa kuma mai sayarwan ne yake biyansa.

A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Birtaniya da Die Zeit ta Jamus suka fitar da bincike da ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare dazuzzukan da babbar hukumar tantancewa Verra ta amince da su, da alama ba su rage komai ba. Verra ta musanta ta ce hanyar lissafin masu binciken ba daidai ba ce, amma kasuwar ta girgiza ba kaɗan ba.

Kuma ba yau aka fara ba. A arewacin Sikotland a shekarun 1980 gwamnati ta ba da rangwamen haraji ga duk wanda ya dasa itace, sai masu kuɗi suka zuba jari, kamfanoni suka shiga wani makeken dausayi da ya tara ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru, suka yayyanka shi da lambatu suka busar suka dasa baƙin itatuwa. A takarda an dasa miliyoyin itatuwa, a ƙasa kuma an ɓata wurin da ya fi itatuwan riƙe kabon. A 1988 aka soke rangwamen, daga baya aka koma biyan wasu su sare itatuwan su toshe lambatun, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. An biya a ɓata an biya a gyara. Kamfani abun da aka ce za a biya shi a kai shi zai yi, idan ka ce adadin dashe za ka ƙirga to dashe za ka samu, ko sun rayu ko sun mutu, ko wurin ya dace ko bai dace ba.

Wannan duka bai sa na ce a rufe sana'ar ba, kamar yanda samun jabun magani bai sa an rufe kemis ba. Amma ya sa duk tallar da na gani tambayata ta farko ita ce wa yake biya, kuma idan aikin ya lalace shi mai biyan zai ji a jikinsa?

Mutanen da aka tarar a wurin fa?

Wannan ce ta fi min zafi. Tarihin kare daji cike yake da korar mutane. An fitar da makiyayan Masai daga dajin Serengeti na Tanzaniya a 1959, an fitar da 'yan ƙabilar Batwa daga dajin Bwindi na Yuganda a farkon shekarun 1990, kuma ko a 2022 an yi arangama a Loliondo ta Tanzaniya da aka shata fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 aka hana makiyaya shiga. Mutum ya zauna da daji kaka da kakanni bai cinye shi ba, sai wani ya zo da takarda ya ce shi ne barazanar. Wanda aka yi wa haka in ya ji kalmar kare muhalli ya tofar da yawu ba zan ga laifinsa ba.

Ko inda ba a kori kowa ba, sau da yawa kura ce da shan bugu gardi da kwashe kuɗi: mutanen wurin su ne za su daina saran itace, su haƙura da giwar da ta cinye musu gona, dillalan da ke ofis su raba kaso mai tsoka.

Amma akwai inda aka yi shi daban. Namibiya a 1996 ta yi dokar da ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin da ke filayensu, yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi 86 da suka shafi wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, su ke ƙulla yarjejeniya da kamfanonin yawon buɗe ido, su ɗauki 'ya'yansu aikin gadi, kuma suna kiwonsu. Ba aljanna ba ce, wasu ƙungiyoyin suna samu wasu ba sa samun komai, kuma da korona ta tsayar da baƙi a 2020 kowa ya ji jiki. A arewacin Ostireliya kuma 'yan asalin ƙasar sun dawo da tsohuwar dabararsu ta cinna ƙananan wuta a farkon rani tun ciyawa ba ta bushe ƙayau ba, don kada gagarumar gobara ta tashi a ƙarshen rani, kuma a 2006 wani kamfanin gas ya fara biyansu a kan haka. Wannan ma cinikin kabon ne, amma ana iya ganin inda ya ƙone da inda bai ƙone ba daga sama duk shekara, kuma masu ƙasar su ke riƙe da ashanar.

Me ya sa ba gwamnati kawai za ta yi ba?

A taƙaice, don yawancin filin da ake magana a hannun mutane yake, kuma babu gwamnatin da ke da ma'aikatan da za su bi gona gona. Aikinta ta kafa doka ta sa ido ta hukunta. Riba kuma ba zunubi ba ce, mai gyaran famfo ma riba yake ci.

Abun da har yanzu yake damuna shine tsawon lokaci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma kamfanin da ya karɓi kuɗin shekara 30 yau, wa ya ce zai kai shekara 12 bai durƙushe ba? Mai filin zai iya rasuwa, magada su sayar, sabon mai shi ya ce shi bai san da wani alƙawari ba. A Amurka tun 2008 ƙa'idar masu farfaɗo da dausayi ta ce sai sun ajiye jinginar kuɗi, a kuma ɗaure filin da takardar da za ta bi shi ko ya canza hannu, kuma ba a sakar musu dukkan takardun da za su sayar wa masu cike dausayi lokaci ɗaya, sai kaɗan kaɗan yayin da masu dubawa suka ga wurin yana farfaɗowa da gaske. Na koma na sake karanta tallar nan da aka turo guruf daga sama har ƙasa ina neman inda suka yi maganar irin wannan. Akwai hoton yara suna dashe, akwai lambar waya, shekara nawa za su zauna da filin ne dai ba su faɗa ba.